Ƙananan gine-ginen filin jirgin ƙasa na kwaikwayo: Asali, ma'auni da yadda ake yin su

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata daɗaɗɗiyar hanyar ɗebe kewa wadda manya suka fi yara riƙo da ita, wato shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan teburi ko a cikin ɗaki guda, a ɗora masa jiragen ƙasa 'yan mitsi-mitsi masu tafiya da wutar lantarki. Jirgin da layin galibi sayen su ake yi daga kamfani, don haka na wane da na wane duk kusan ɗaya ne. Abin da ke bambanta filin wani da na wani shi ne abin da aka kewaye layin da shi: tasha da dakalinta, ɗakin sigina, loko, sito, tankin ruwa, gada, kantuna, gidajen ma'aikata, har da ɗan kejin kaji a bayan gida. Yin waɗannan gine-gine fanni ne mai zaman kansa, yana da ƙa'idojinsa da gwanayensa da mujallunsa, kuma akwai mutanen da suka ƙarar da shekaru ashirin ko talatin a kan gari guda wanda bai fi falon gida girma ba.

Wanda ya taɓa ganin samfurin rukunin gidaje a cikin gilashi a ofishin masu sayar da filaye, ko ya tuna yadda yara ke fere karan dawa su haɗa mota, ya riga ya san rabin labarin. Sauran rabin shi ne lissafi, domin a nan ba a yarda da kintace ba.

Asalin abin

Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya nuna jiragen wasa masu layi mai tsayayyen faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. Daga nan ne mai saye ya sami damar ƙara layi a kan layi, ya sayi tarago bana ya sayi tasha baɗi, duk su dace da juna. Tashoshin wancan zamani da gwangwani ake yin su, a buga musu launi mai ƙyalli. Suna da kyau a ido, amma ba su damu da gaskiya ba: sau da yawa tashar ba ta kai tsawon tarago biyu ba.

Sauyi ya zo ne a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, lokacin da aka iya ƙera ƙananan injinan lantarki, jiragen suka ƙanƙance, teburi guda ya isa ɗaukar gari sukutum. A Ingila, wani mai suna John Ahern ya fara gina filinsa mai suna Madder Valley a shekarun 1930, inda ya sa layin ya ratsa ƙauyuka da tashar jiragen ruwa da tsaunuka, kamar dai ƙasa ce ta gaske da jirgi ya zo ya tarar. Ya kuma rubuta littafi a kan ginin ƙananan gidaje wanda aka daɗe ana koyo da shi. A Jamus, 'yan'uwa biyu, Hermann da Edwin Faller, sun kafa kamfaninsu a 1946, suka fara da gidajen katako da kwali, sannan a shekarun 1950 suka koma ga roba. Har yau sunan Faller, tare da Kibri da Vollmer, shi ne a bakin masu wannan sha'awa a Turai, kamar yadda Walthers yake a Amurka, Metcalfe da Superquick kuma a Birtaniya wajen gidajen kwali.

Ma'auni, uwar aiki

Kowane fili yana da ma'auni guda, wato sau nawa aka rage girman abin gaske. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, kashi 1 cikin 87, mai layi mai faɗin milimita 16.5. Sunan na nufin rabin ma'aunin O, wanda ya girme shi. Akwai N, kashi 1 cikin 160, ko da yake Birtaniya na amfani da 148, Japan kuma da 150 a yawancin jiragenta. Akwai Z, kashi 1 cikin 220, wanda Märklin ya fito da shi a 1972. Shi kansa O ba baki ɗaya ake a kansa ba: 48 ne a Amurka, 43.5 a Birtaniya, 45 a yawancin Turai.

Turawan Ingila sun yi nasu daban. Jiragensu na gaske sun fi na sauran Turai ƙanƙanta, saboda haka injinan lantarkin farko suka ƙi shiga cikin jikin samfurin. Sai suka ƙara girman jikin zuwa kashi 1 cikin 76, wato milimita 4 a madadin kowace ƙafa, amma suka bar layin a milimita 16.5. Wannan shi ne OO, kuma layinsa ya ɗan fi yadda ya kamata ƙunci. Sabon shiga yakan faɗa wannan rami: ya ga jirgin HO da na OO suna tafiya a layi ɗaya, sai ya ɗauka gidajensu ma ɗaya ne. Idan aka jera su, ƙofar ɗaya takan fi ta ɗayan tsawo a fili.

Lissafin kansa ba wuya. A HO, ƙofa mai tsawon mita 2 tana komawa milimita 23. Mutum mai tsawon mita 1.75 yana komawa milimita 20, bai kai rabin tsinken ashana ba. Jan bulo na Ingila mai tsawon milimita 215 da kaurin 65 yana komawa kimanin milimita biyu da rabi, kaurinsa kuma bai cika milimita ɗaya ba. Idan aka zo ga cikin gini kuwa, ragin sau uku yake ninkuwa, tsawo da faɗi da tsayi, ta yadda sai an tara samfura 658,503 kafin su cike gurbin gini ɗaya na gaske.

Duk da wannan ragi, fili ba ya isa. Kilomita ɗaya a HO mita goma sha ɗaya da rabi ce, dakalin tasha mai mita 200 kuma yana cin mita 2.3, ya fi tsawon gado. Saboda haka magina suka ƙirƙiro dabarun zambar ido waɗanda kowa ya amince da su. Masaƙa mai tagogi ashirin a jere sai a yi ta da goma sha biyu, a bar girman kowace taga daidai, ido ba zai ƙirga ba. Ginin da ke jikin bango a can baya sai a yi fuskarsa kawai da kaurin yatsa biyu, tunda ba mai zagayawa ya ga bayansa. Gidan da ake so ya yi kamar yana nesa sai a yi shi da ƙaramin ma'auni, a ɗora na N a kan tudu a bayan na HO. Wannan dabara ta ƙarshe tana aiki ne kawai idan mai kallo yana tsaye a inda aka nufa; da ya matsa gefe, asiri ya tonu.

Wuri ɗaya ne ba a yarda a rage ko milimita ba, shi ne tazarar da ke tsakanin gini da layi. Dogon tarago idan ya shiga kwana, tsakiyarsa na leƙawa ciki, ƙarshensa na leƙawa waje. Gwanaye sukan ɗaura fensir a jikin tarago mafi tsawo, su tura shi a kwanar, inda fensirin ya zana nan ne iyakar dakali. Wanda ya manta da wannan sai ya wayi gari jirginsa na karo da tashar da ya yi wata uku yana ginawa.

Kayan aiki da hanyoyin gini

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce sayen gini a kwali, gunduwa-gunduwa, a haɗa bisa takardar bayani. Ita ce mafi sauƙi, aibinta kuwa shi ne tashar da ke filin mutum ita ce a filin dubban mutane. Ta biyu ita ce gauraya: a sayi kwali biyu ko uku, a yanka bangon wannan a haɗa da rufin wancan, a fito da ginin da babu shi a kasuwa. Ta uku, wadda ake girmamawa fiye da sauran, ita ce farawa daga babu, da falle da wuƙa da rula.

Mai farawa daga babu yana soma aiki ne da ginin gaske. Zai je ya ɗauki hotonsa ta fuska huɗu, ya auna abin da hannu ke kaiwa. Inda tsani bai kai ba, sai ya ƙirga layukan bulo, tunda kowane layi da simintinsa a ginin Ingila kimanin milimita 75 ne. Layi arba'in ke nan mita uku. Daga nan ya zana a takarda, ya yanka na gwaji da kwalin banza, ya ajiye a gurbin ya yi kwanaki yana kallo kafin ya taɓa kaya masu tsada.

Kwali shi ne tsohon kayan aiki, kuma har yanzu bai tsufa ba. Yana da araha, yana karɓar fenti, yana yankuwa da reza. Cutarsa ita ce lanƙwasa: idan aka shafa gam ko fenti a fuska ɗaya, yana bushewa sai ya tanƙware. Maganin shi ne a manna falle uku maimakon biyu domin su ja juna daidai, a kuma sa bene da bangayen ciki su riƙe shi ko da ba za a gan su ba. Fallen roba shi ya zo daga baya, ana sayar da shi da zanen bulo ko dutse ko kwanon rufi a jikinsa, kuma ruwan da ake haɗa shi da shi narkar da gefen yake yi, ɓangarorin biyu su zama ɗaya. Katako marar nauyi ya fi dacewa da gine-ginen Amurka, inda tashoshi da gadoji da yawa dama na katako ne. Filasta da yumɓu mai bushewa a iska su ake shafawa a sassaƙa duwatsu a kai da tsinin allura. Kowanne da gam ɗinsa: farin gam na kafintoci don kwali da katako, mai narkarwa don roba, mai kamawa nan take don ƙarfe. Sanya wani a gurbin wani ɓarnar kaya ce kawai.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da kowane littafi ke maimaitawa saboda kowa sai ya karya su sau ɗaya. Ana yanka ramin taga kafin a yanke bangon daga falle, in ba haka ba siririn gefen zai yage. Ana bin layi da wuƙa sau huɗu ko biyar a hankali, ba a danna ta sau ɗaya da ƙarfi, kuma rular ta zama ta ƙarfe. Ana fenti tagogi da ƙofofi kafin a manna su. Gilashi, wanda falle ne na roba mai haske, ba a kusantar da shi da gam mai kamawa nan take, domin tururinsa na sa shi ya yi hazo.

A 'yan shekarun nan na'urar yanka da hasken leza da na'urar da ke fitar da siffa daga zanen kwamfuta sun shigo fagen. Tagar da a da take cin yini guda yanzu ana fitar da hamsin a dare ɗaya, kowacce daidai da 'yar'uwarta. Tsofaffin hannu na gunaguni, amma akasarinsu sun karɓi tagogin.

Tsufa na ƙarya

Ginin da aka gama haɗawa, aka yi masa fenti tsaf, har yanzu kayan wasa ne. Abin da ke mayar da shi gini shi ne datti. Bangon loko na zamanin kwal yana da kunkunniya a saman ƙofa, inda hayaƙi ke bugawa. Kwanon rufi na yin tsatsa daga wurin ƙusa ya gangaro. Ƙasan bango na yin duhu saboda ruwan sama da ke fallatsa. Magini na kwaikwayon wannan da fenti mai ruwa-ruwa wanda ke kwanciya a cikin tsagi, da garin alli mai launi, da buroshin da aka goge shi har ya kusa bushewa. Ana kuma kashe ƙyalli gaba ɗaya, a rage kaifin launi, domin abin da ido ke gani daga nesa koyaushe ya fi dusashewa, mai kallon samfuri daga mita ɗaya kuwa tamkar mai kallon ginin gaske ne daga mita 87.

Wanda aka fi danganta yaɗuwar wannan salo da shi shi ne John Allen, mai ɗaukar hoto a garin Monterey na jihar Kalifoniya. A ƙarshen shekarun 1940 ya ci gasar mujallar Model Railroader da wani ɗan loko wanda ya yi wa tsufa da gangan, har da tattabaru a kan rufi da kashinsu. A lokacin da kowa ke goge samfurinsa yana ƙyalli, wannan abin mamaki ne. Sai dai salon na da nasa haɗari, domin wasu almajiransa sun wuce gona da iri, har garuruwansu suka zama kamar kufai, babu gida ɗaya mai lafiyayyen rufi.

Kuskure biyu ne suka fi tona sabon hannu. Na farko shi ne gini mai shawagi, wanda ake hango siririn duhu tsakaninsa da ƙasa. Gwanaye na yi masa gurbi ya nutse kaɗan, su rufe bakin da ƙasa da ciyawa. Na biyu yana fitowa ne da dare. Idan aka sa ƙwan LED a cikin gidan roba ba tare da an shafe cikinsa da baƙin fenti ba, bangon duka zai haskaka kamar fitilar ƙwai. Kuma ba a kunna kowace taga, tunda babu garin da dukan ɗakunansa ke da wuta a lokaci ɗaya.

Wurare uku da ake misali da su

Gidan tarihi na Pendon, a ƙauyen Long Wittenham da ke yankin Oxfordshire, ya samo asali ne daga baƙin cikin mutum guda. Roye England ya zo Ingila daga Ostireliya a 1925, ya ga ƙauyukan kwarin White Horse da gidajensu masu rufin ciyawa, ya kuma ga ana sauya su da kayan zamani ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ɗauki aniyar adana su a ƙanƙance. Ya bi gidajen yana aunawa yana rubutawa, ya fara gini a farkon shekarun 1930, aka kafa gidan tarihin a 1954. Da kwali ake yin gine-ginen Pendon, a ma'aunin milimita 4, a tsaga layin kowane bulo, a yi masa fentin ruwa shi kaɗai. Jinkar kuwa da gashin mutum aka fara yin ta, daga baya aka koma zaren rama irin na masu gyaran famfo. Gida ɗaya kan ci ɗaruruwan sa'o'i. Roye England ya rasu a 1995 aikin bai ƙare ba, masu sa kai suka ci gaba. Da dama daga cikin gidajen da aka kwaikwaya an rushe su ko an sauya musu kama, ta yadda samfurin ne kaɗai ya rage mai nuna yadda suke. Filin Madder Valley na John Ahern ma a can yake ajiye.

Miniatur Wunderland na birnin Hamburg wani abu ne daban, kasuwanci ne kuma na ƙin ƙarawa. Tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe shi a 2001 a unguwar tsofaffin sito-sito ta Speicherstadt. A ma'aunin HO yake, layinsa ya haura kilomita 16, gine-ginensa sun haura 4,000, kuma kundin Guinness ya amince shi ne mafi girma a duniya. Ana yin dare da rana a cikinsa duk minti 15, akwai filin jirgin sama da aka buɗe a 2011 inda jirage ke tashi da sauka, akwai wani ƙagaggen gari mai suna Knuffingen wanda motocin kashe gobara ke fita aiki a cikinsa.

Na uku na mutum ɗaya ne, mawaƙin Birtaniya Rod Stewart, wanda ya shafe shekara 23 yana gina birni irin na Amurka na shekarun 1940 a saman gidansa da ke Los Angeles. Yakan tafi yawon wasa da kayan aikinsa, a kama masa ƙarin ɗaki a otal ya mayar da shi wurin yanka da fenti. Gine-ginen ne suka fi jan hankalinsa, ba jiragen ba.

In da za a yi na gida

Manyan kamfanonin sun fi fitar da gine-ginen Turai da Amurka da Japan, don haka mai son kwaikwayon tashar Kano ko Zariya ko Kafanchan sai ya fara daga babu. Zai kuma ci karo da batun faɗin layi. Tsohon layin Najeriya, wanda ya isa Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne, ba 1,435 irin na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba. A HO, tsohon layin na komawa kimanin milimita 12, kuma ana sayar da layi mai wannan faɗin. Masu wannan sha'awa a New Zealand, waɗanda layinsu ɗaya ne da tsohon na Najeriya, sukan bi wata hanya: su yi gini a kashi 1 cikin 64, su yi amfani da layin milimita 16.5 da ke ko'ina. Ginin ƙasa mai zankwaye da indararo ya fi ginin bulo sauƙin kwaikwayo da yumɓu, tunda ba shi da kaifin kusurwa. Dalar gyaɗa ce za ta gwada haƙurin magini, domin kowane buhu bai fi ƙwayar wake ba.

Abokan gaba

Ƙura ce ta farko, tana dusashe launi tana hana jirgi samun wuta daga layi, shi ya sa ake rufe fili da ƙyalle ko gilashi, a share rufin gidaje da buroshi mai taushi. Hasken rana na cinye launin takardar da aka buga, zafi na tanƙwara roba, laima na kumbura kwali. Ƙaura ma masifa ce, domin filin da aka gina a jikin ɗaki ba ya fita ta ƙofa sai an sa masa zarto. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi da yawa ke gini gunduwa-gunduwa a kan ma'aunin da suka yi ittifaƙi a kai, kuma ake barin gidaje ba a manne su ba domin a iya ɗaga su.

John Allen ya shafe kusan shekara ashirin yana gina filinsa na ƙarshe, Gorre & Daphetid, a ƙarƙashin gidansa, da tsaunukan da suka taso daga daɓe da gadoji fiye da ɗari. Ya rasu a watan Janairun 1973. Abokansa na cikin shawarar yadda za a adana aikin, kwana goma bayan rasuwarsa, gobara ta tashi a gidan ta cinye filin. Abin da ya rage shi ne 'yan jirage da suka sha hayaƙi da kuma hotunan da shi kansa ya ɗauka.